Shuɗin Shafin Mama Martha

A Bosso, in littafinka ya yage ko bangonsa ya rabu da jikinsa, duk wanda ka fara tambaya shagon Badaru zai nuna maka. Shago ne ɗan ƙarami, a matse tsakanin mai fotokwafi da wata mai tuwo, kullum warin gam da ƙamshin miya suna kokawa a bakin ƙofa. Kakansa baduku ne, ya zo Minna zamanin da ake shimfiɗa layin dogo, yana ɗinka gafaka da jakunkunan fata. Ubansa ya gaji allurar, ya koma gyaran takalma. Shi kuwa Badaru ya tashi ya tarar unguwar ta cika da ɗalibai masu neman wanda zai yi wa furojet ɗinsu bango, sai ya juyar da allurar gidansu ta koma kan takarda.

Mutum ne mai tsantseni har abin ya yi yawa. Matarsa Kyauta takan tsokane shi, wai ko ƙofa ya kulle sai ya girgiza kwaɗon, ya yi gaba kaɗan, ya dawo ya sake girgizawa. Abin tinƙahonsa a duniya ɗaya ne: tun da ya kama sana'ar nan bai taɓa ɓatar wa kowa da shafi ba. Sai dai yana da wata ɗabi'a irin ta 'yan layinsu, ba ya iya ganin takarda mai kyau tana zaman banza. Duk tsohon littafin da aka kawo gyara, in ya ga fallen da babu rubutu a jiki, yakan zare shi ya ajiye. In ɗalibi ya kawo furojet, sai ya saka masa fallen a bayan bango ya yi ado. A wurinsa wannan ba ɓarna ba ce, tattali ne.

Lokacin da 'yan ajin ƙarshe suke rububin miƙa aikinsu, Mama Martha ta kawo masa wani littafi a cikin leda. Dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, ta ƙare aikinta tana koyar da zane da ginin tukwane a sakandare, ta yi ritaya ta zauna a Maikunkele. Littafin na mijinta ne, marigayi Julius. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya ci gindin littafin, shafuka suka warware. Ta ajiye a gurguje saboda mai keke yana jiranta, ta ce ya ɗinke mata shi da kyau.

Badaru ya buɗe. Littafin Turanci ne mai nauyi, cike da hotunan tukwane da kwanukan tangaran, wasu farare fat, wasu baƙaƙe ƙirin, babu ado ko ɗigo a jikinsu. Jefi-jefi kuma sai ya ci karo da falle mai kauri, launi ɗaya ya cika shi baki da baki, gaba babu rubutu, baya babu rubutu. Akwai ja, akwai baƙi, akwai ruwan ƙasa, akwai wani shuɗi da ya tsaya yana kallo saboda kyau. Ya ce a ransa masu buga littafin nan ba su san tsadar takarda ba, don raba babi da babi kawai suka zuba irin wannan. Ya zare su duka. Kafin mako ya zagayo sun shige cikin aikin ɗalibai, kowa ya ɗauki nasa yana godiya.

Ran da Mama Martha ta leƙo duba aiki, sai da ta laluba bakin ƙofa da hannu kafin ta shigo. Sai a lokacin ya lura da kaurin tabarau ɗinta.

"Badaru, ɗana, na manta ban gaya maka ba," in ji ta. "Akwai wasu shafi masu kala ɗaya a ciki. Don Allah ka lallaɓa su."

"Waɗanda babu rubutu, Mama?"

"Su fa. Ai ba takarda ba ne kawai, hoton zane ne. Kowanne akwai wanda ya zauna ya yi shi da burushi. Sunayensu suna can ƙarshen littafin." Ta yi 'yar dariya. "Ni ma da na yi wa Julius tsiya a kansu. Yanzu kuwa hawan jinin ido ya cinye mini gani. Rubutu ya tafi, tukwanen ma sun zama hazo. Su kaɗai nake iya gani a littafin. Shuɗin nan musamman, in na kai shi bakin taga, ina ganin komai a cikinsa."

Badaru ya tuna da fallayen da ya raba wa ɗalibai. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "To, Mama." Ta yi sallama ta tafi, ya bi bayanta da ido, ya kasa kiranta.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Ya rufe shago a tsakiyar kakar aiki, ya shiga bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, a ƙofar makaranta, a gidajen haya, a waya. Wani ya ɗauka tsiya ce, wata ta ce sai ta tambayi malaminta. Ya yi ta ba da haƙuri, yana warware aikin da ya yi da hannunsa yana sake ɗinkewa. Allah ya taimake shi, yawancin fallayen ɗinka su ya yi da zare, suka fito lafiya. Ja ya dawo, baƙi ya dawo, ruwan ƙasa ya dawo da ɗan lanƙwasa a kusurwa.

Shuɗin ne ya gagara. Yana cikin furojet ɗin wani ɗalibi, Yisa, wanda ya riga ya koma gida Kuta. Badaru ya hau mota ya bi shi har can. Da aka miƙo masa littafin sai ya ga ashe saboda kyan fallen bai ɗinka shi ba, manna shi ya yi a jikin bango. Gam ɗin Badaru kuwa duk Bosso an san ba ya saki. Ya turara shi da ruwan zafi, ya bi da reza a hankali yana addu'a. Takardar ta taso guntu-guntu, launin ya bi ruwa, abin da ya rage a hannunsa bai kai tafin hannu ba.

Kyauta ta ga yadda ya zabge, ta ce, "Malam, ka je ka gaya mata mana. Babba ce, za ta ji."

"In ce mata me? In ce abin da ya rage mata a ido ni na lalata shi?" Ya girgiza kai. "Ba ta gani sosai. In na samo irinsa ba za ta gane ba, hankalinta ya kwanta."

Ya kira abin tausayi, amma tsoro ne tsagwaronsa, shi ma ya sani. Ya ɗauki guntun ya shiga babbar kasuwa, rumfa bayan rumfa, yana kara shi a jikin kwalaye, har masu sayarwa suka fara haɗa masa fuska. A ƙarshe ya sami wani shuɗin kwali da ya yi kusa. Ya yanka shi daidai, ya ɗinke shi a gurbinsa, ya yi wa littafin bangon da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. Aikin ya yi kyau, shi ne ma abin da ya ƙara tayar masa da hankali.

Da kansa ya kai mata gida, da la'asar. Ta sa aka ba shi ruwa, ta ja kujera bakin taga, ta ɗora littafin a cinya. Ta shafa bangon ta sa masa albarka. Ta buɗe ja, ta yi murmushi. Ta buɗe baƙi, ta karkata shi wajen haske, ta gyaɗa kai. Badaru yana zaune a bakin benci, riƙe da kofin ruwan.

Ta iso shuɗin. Ta ɗaga shi kusa da fuskarta, ta nesanta shi, ta cire tabarau ta goge da gefen zani, ta mayar.

"Ya tafi," in ji ta a hankali.

"Na'am, Mama?"

"Idon." Ta sa yatsa a gefen shafin. "Kafin in kawo maka, ina ganin sawun burushi a nan. Wajen nan ya fi duhu, yana saukowa yana washewa. Yanzu duk ya zama ɗaya, sumul kamar kwali." Ta janye yatsan. "Likita ya ce sannu a hankali zai tafi. Ban zata har ya zo nan ba. Da shi nake gwada kaina kowace safiya, in na ga sawun sai in ce da saura."

Ta rufe littafin, ta miƙo masa da hannu biyu. Hawaye yana bin ƙasan tabarau ɗin.

"Ka yi aiki mai kyau, ɗana. Ka kai wa wani ɗalibi mai so. Ni ba ni da abin gani a ciki kuma."

Badaru bai karɓa ba. Ya ajiye kofin, ya zame daga bencin ya durƙusa a gabanta.

"Mama," ya ce, "ba idonki ba ne."