Shekarar da Maigida Ya Bi Amalankensa

Maigidana maƙeri ne, amma ba na lauje da fartanya ba. Walda ya koyo a Maraɗi, ya dawo Tasawa ya kafa rumfa a bakin kwalta, shi da ma'aikata huɗu, suna ƙera amalanken jaki da garmar shanu. In ya sayar, shi ke nan, ba ya tambayar inda kayan suka kwana.

Shekarar farin nan ta zamanin soja, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Amalanke tara suka jeru a ƙofar rumfa ba mai tayawa. Ya riƙa dawowa gida da hantsi, ya zauna yana daddaɓa mini murfin tukunyar da ba abin da ya same shi.

Ana haka ƙanwata ta zo daga ƙauyensu, wajen Kona. Ta ce rijiyarsu ta ƙafe, mata na tafiya nesa da tulu a ka, ga amalanken da suka saya wurinsa wata biyu a jingine, ƙafa ɗaya ta kwance.

Na ce, "Malam, ba za ka je ka duba ba?"

Ya ce, "Ai na sayar."

"Ka sayar, amma aikin hannunka ne ke kwance can."

Da safe na ga yana ɗaure jakar kayan aiki a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa. A shingen fita gari jandarma ya zazzage jakar yana neman takarda, daga ƙarshe ya roƙe shi ya ɗaure musu ƙafar kujera.

Kwana uku ya yi. Ya dawo da wata ramammiyar kaza da suka ba shi, bakinsa cike da labari. Jakuna sun rame, in ji shi, amalankensa ya yi musu nauyi. Mata kuma tano, wato duron ruwa, suke son ɗorawa, yana ta gangarowa. Ya rage ƙarfen, ya yi wa tano mazauni. Ma'aikata ya raba su: biyu a rumfa, biyu suna bin kasuwanni har Mayahi, suna gyara duk abin da ya fito daga hannunsu. Kowane ƙauye ya koya wa mutum ɗaya faci da sa giris, ya bar masa sufana.

Da ruwa ya dawo, kamiyo, babbar motar kaya, ya fara sauke amalanke masu araha daga waje. Na tsorata. Amma mutane wurinsa suka yi ta zuwa. Wani dattijo makiyayi ya ce masa, ina ji daga zaure, "Can ƙarfe kaɗai suke ba mutum. Naka kuwa har da kai ake saye."

Yanzu ya tsufa, ƴaƴa ke riƙe da rumfar. Amma in muna tafiya biki ya ji amalanke na kuka a hanya, ko na waye, sai ya tsayar da shi ya durƙusa da babbar rigarsa yana girgiza ƙafar amalanken. Ni kuma in nemi inuwa in zauna.