Shekarar da Kawu Bai Tara Itace Ba

Kawuna masunci ne. Kowace shekara kafin damina yakan tara itacen banda ya lulluɓe, domin idan kogi ya fara janyewa daga fadama kifi kan zo da yawa, wanda ba a ƙyafe a ranar ba kuwa ya lalace. Shekarar da nake magana bai tara ba, kuma ni na sa.

Aminina na yarinta ne ya dawo Haɗeja daga Kano, ya nemi tsohon shagon babanmu. Ya ce ɗakin sanyi zai kafa, masunta su riƙa ajiye ɗanyen kifi har dillalai su zo. A unguwarmu ba a ja wa mutum babbar waya daga taransifoma sai wani ya tsaya masa gaban mai unguwa. Na tsaya masa. Daga can na wuce gidan kawu, na ce bana ya huta da hayaƙi. Idanunsa sun daɗe suna ciwo, sai ya yarda.

Da aka kunna injinan, ƙugi ya cika layin, ba ya tsayawa. A masallaci sai da liman ya riƙa ɗaga murya. Wutar gidaje ta yi rauni, kuɗinta kuma ya ƙaru. Na leƙa shagon, na ga akwatunan ƙarfe jere, fankoki na juyawa, babu firji ko ɗaya. Aminina ya ce kuɗin intanet suke haƙowa, kirifto, firji kuwa suna hanya. Na san maganar firjin ƙarya ce. Amma ya riga ya ja mini waya zuwa ɗakina, fankata na aiki, sai na yi shiru. Ban koma wurin kawu ba.

Ran da aka yi babban kamu, kawu ya turo kura cike da tarwaɗa har ƙofar shagon. Aka buɗe, iska mai zafi ta bugi fuskarsa. Ya tsaya yana kallon akwatunan.

Aminina ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Baba, ni ban ce a kawo mini kifi ba. Ku tambayi ɗanku.”

Itacen gari duk jiƙaƙƙe ne a lokacin. Muka yi ta hura wuta tana hayaƙin banza. Kifin da ya ragu washegari, rami muka haƙa masa.

Da taransifoma ta ƙone, aminina ya kwashe injinansa ya bar garin, ko sallama babu. Ni aka bari da unguwa.

Bara na kai wa kawu itace, na ce busasshe ne. Ya yi godiya, ya sa mini albarka. Sannan ya zaro guda ɗaya daga tsakiyar damin, ya karya a gabana, ya duba cikinsa.