Dabinon da Na Raba Ranar Jarrabawa

Lokacin da abin ya faru ina shekarata ta farko a jami'a. Ƴar tsohon garin Agadas ce ni, mai surutu da son jama'a, irin wadda ko ƙwayar gyaɗa ta samu sai ta nemi abokin ci. Ina da ƙawa guda, baƙuwa daga kudu, wadda muka shaƙu har mahaifiyata take kiranta ƴarta. Kwanonmu ɗaya, ranar Juma'a kuwa a gidanmu take wuni. A shekarar ne yayana, mai haƙar zinariya a Cibarakaten, ya samu ɗan rabo, ya sayo mini jar moto, wato babur, don in huta da jiran kabu-kabu. Kullum ni da ƙawata muke hawa.

A fadarmu ta shayi, ƙarƙashin bishiyar bayan amfi, wato babban zauren lacca, tsofaffin ɗalibai suna da wani labari da ba sa gajiya da shi. Wai an taɓa yin wata ɗaliba da danginta suka samu zinariya, ita kuwa zinariya dukiyar aljannu ce, ba sa sakinta sai an biya su da ƙwaƙwalwar masu karatu. Wai ranar jarrabawa takan raba abin ci, duk wanda ya kai bakinsa sai karatun ya goge masa tas. Ba wanda ya san sunanta ko shekararta, kullum dai ƙawar yayar wani ce ta gani da idonta. Ni na fi kowa dariya, har ina tsokanar masu labarin cewa su nemi wata hujjar faɗuwarsu.

A gidanmu akwai al'ada: duk wanda zai fuskanci babban al'amari, sai ya raba sadakar dabino da hannunsa kafin ya shiga. Haka aka yi wa yayana da zai tafi daji. Da safiyar jarrabawar farko mahaifiyata ta ƙulla mini dabinon Iferwan a leda. Wallahi labarin nan ko zuwa raina bai yi ba. Na tsaya a ƙofar amfi ina miƙa wa kowa, na zaɓa wa ƙawata masu laushi.

Zafi ake kamar an hura maƙera. Ana cikin rubutu sai na ji faɗuwar kujera, ashe ƙawata ce ta yanke jiki. A asibiti aka ce zazzaɓi ne da yunwa, ga shayi mai ɗaci da ta yi kwanaki tana sha a madadin abinci. Aka yi mata ƙarin ruwa ta farfaɗo, amma jarrabawa ta wuce ta. Da sakamako ya fito na ci, ita ta maimaita shekara.

Ba wanda ya fito ya zarge ni, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Idan na iso fada sai hira ta mutu. Wanda ke dafa shayi ya fara ware mini kofi ɗaya, yana wanke shi daban. Wani ya tambaye ni da murmushi ko yayana ya ƙara samun sabuwar rijiyar zinariya bayan jarrabawa. Wata da ta faɗi jarrabawar, wadda kowa ya san ba ta taɓa buɗe littafi ba, ta riƙa faɗa wa mutane cewa tana haɗiye dabinona ta ji kanta ya yi fayau. Ni ma zargin ya kama ni. Duk biyun da na gani suna magana sai in ce da ni suke, duk wanda ya gaishe ni da fara'a sai in ce bincike ya zo yi. Har na taɓa zama ina kallon yayana yana alwala, ina tambayar zuciyata me ya yi a dajin nan. Na tuba ga Allah a kan wannan.

Duk da haka na ce muddin ƙawata ta yarda da ni, sauran su je su yi ta faɗa. Na same ta a ɗakinsu na tambaye ta kai tsaye. Ta rantse ita ba ta yarda da wannan shirme ba, ta ce ni ƴar'uwarta ce har abada, muka rungume juna muka yi kuka. Ranar Juma'a ta zo gidanmu kamar da, mahaifiyata ta cika mata hannu da dabino. Ta yi godiya, ta ƙulle a bakin gyalenta, ta ce sai ta isa za ta ci. Na ce in kai ta a moto, ta ce tana son ta ɗan taka. Da na fito zubar da shara da la'asar, sai na ga dabinon a gindin bangonmu, akuyar maƙwabta tana ci. Ban faɗa wa mahaifiyata ba, har yau tana tambayata me ya hana ƴarta zuwa.

Abin da na koya shi ne irin waɗannan labarai ba su da mai su, suna yawo ne har su sami wanda za a rataya wa. Ƴan'uwana ɗalibai, kafin ku maimaita abin da ƙawar yayar wani ta gani, ku dubi waɗanda ke zaune tare da ku. Bara ƴar ƙanwar mahaifiyata ta shiga jami'a, ta zo tana ba ni labarin ɗalibar nan mai shanye karatun mutane, idonta a waje don tsoro. Na tambaye ta ko an san wace ce. Ta ce ba a san sunanta ba, amma kowa ya tabbatar jar moto take hawa.