Ranar da Aka Bar Ni da Kawu Ishaya

Ku da kuka zauna da Kawu Ishaya kun san ba ya amsa gaisuwar safe sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai ya ƙare wa gabas kallo. In bai ga komai ba sai ya ce, "Bai zo ba tukuna. Rifkatu, dama koko." Ni ce Rifkatun, ɗiyar ƙanwarsa. A hannunsa na tashi a Ƙofar Dundaye, kuma Allah na gani, tsohon nan ya tsorata ni ba kaɗan ba.

A wurinsa annabawa ba su bar komai ba. Sun faɗi haihuwar Almasihu ta cika, sun faɗi mutuwarsa ta cika, saura dawowa. Shi ya sa bai taɓa sayen buhun gero ba, sai mudun yau. Maƙwabcinmu Alhaji Garba mahauci ya taɓa ce masa, "Ishaya, mu ma muna jiran saukowar Annabi Isa, amma ba mu hana iyali nama ba."

"To yanko na yau," in ji Kawu. "Kilishi dai ba ni saye, abin ajiya na."

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne in ya tarar da mu a bakin turmi, ni da yayata Saratu. Sai ya tsaya a kanmu ya ce ranar dawowa haka za a sami mata biyu suna aikin hatsi, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. "Kuma Allah ya riga ya san wadda za a bari." Saratu mai waƙa ce a coci, ni kuwa tsiwa kamar me. Ai ba sai an gaya mini ba.

Wata rana da yamma muna daka ni da Saratu, hadari ya taso baƙi ƙirin daga wajen Wamakko. Na sunkuya ina kwashe tsaki, sai wata babbar mota ta danna hon a titi kamar busar ƙahon ranar ƙarshe. Ina ɗagowa, ga taɓarya a yashe, ga takalman Saratu, babu Saratu! Wayyo! Na ƙwalla ihu, "Kawu, an ɗauke ta!"

Ya fito da gudu, zani a hannu, ya dubi takalman, ya dubi sama. Sai ya ce, "Ke dai na gane. To ni mi na yi?"

Sai ga Saratu daga banɗaki da buta.

An yi dariya har maƙwabta, ni kam tsoron bai sake ni ba har na yi aure na haihu. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, tunda Allah ya riga ya sani, ni ce za a bari, ko?"

Ya kama hannuna. "Ɗiyata, ni ma tsoron nan nike ji, shi ya sa na cika ku da surutu. Amma duba, Yesu ya san almajirinsa Bitrus zai yi musunsa tun bai buɗe baki ba. Da saninsa ya durƙusa ya wanke mai ƙafa."

Ya Ubangiji, kai da ka san mu tun ba mu san kanmu ba, ka karɓi Kawu da tsoronsa duka, ka ba shi hutu. Mu ma kada ka bar mu. Amin.