Sunan da Ban Goge Ba

Shekarun baya, farkon dawowar mulkin farar hula, ina koyarwa a wata firamaren ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Karatuna bai yi nisa ba, amma da yake hannuna na da kyau, sai hedimasta ya damƙa mini rajista.

Ajinmu biyu ne, ɗaya iska ta yaye rufinsa. Da damina ta sauka yara sai gona, sakamakonmu na jarrabawar shiga sakandare kuwa ba ya faɗuwa a gaban mutane. Ana nan sai labari ya zo daga ƙaramar hukuma cewa za a ƙidaya ɗalibai. Makarantar da ta cika za a yi mata gini da bencina, wadda ba ta cika ba a haɗe ta da ta garin gaba. Hedimasta ya ce kada in goge sunan waɗanda suka daina zuwa. Ni kuma na ƙara da nawa wayon, na bar har da na wani yaro da zazzaɓi ya yi ajalinsa da kaka.

Ranar ƙidaya muka aro yara daga rugar bayan gari, na raba musu sunaye, na koya musu amsawa. Har ina jin kaina gwani.

Abin da na manta, kakar marigayin, wadda ta rene shi, ita ke tuyar ƙosai a gindin tagar ajin. Na kira sunan haɗe da na mahaifinsa, wani ɗan ruga ya amsa da ƙarfi. Sai na ji faɗuwar matsami a waje. Kafin in kira na gaba, ga ta a bakin ƙofa, ba takalmi, ƙullu a hannunta, tana bin fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya. Jami'in da ya zo ƙidayar ya tambaye ta ko lafiya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta zo duba ne ko an kusa tashi tara. Ta juya.

Da baƙin suka tafi na same ta, ƙosan ya ƙone a cikin mai. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Malam, a gabana aka fita da shi, na sani. Amma da na ji an amsa, ƙafata ba ta yi shawara da ni ba. Ka goge shi, ka bar mini shi ya kwanta."

An yi ginin, bencina ma sun zo. Ita kuwa ta kwashe kaskonta ta koma bakin tasha. Na je neman gafara sau biyu, ta ce ta yafe tun ranar.

A lokacin ina ganin ai don yara na yi. Na ɗauka suna a rajista lamba ce kawai, na manta kowane suna akwai mai shi a gida. Na yi shekara da shekaru ina koyarwa a sabon ajin, kowa na yaba sanyinsa. Ni dai ban taɓa iya tsayawa kusa da taga in kira rajista ba.