Ƙofar da Habibu ya rasu ba a buɗe ba

"Kafin Juma'a za mu buɗe muku ƙofa, Hajiya, ki kwantar da hankalinki."

Maganarka ce, Manaja, tun gero yana tsaye a gona. Yanzu har dawa ta shiga rumbu.

Da safen nan labari ya iske ni a ɗakin gwajin jini: Habibu ya rasu. Mota ce ta buge shi a kan babur jiya da la'asar, tsakanin Gaya da Ajingi. Wurinmu zai zo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, ma'aikacin kamfanin da ke kula mana da kwamfuta ne. Asibitinmu ƙarami ne, a gefen Gafasa. Jinin da ba ma iya gwadawa Kano muke aika shi, su zuba sakamako a babbar kwamfutarsu, mu buɗe daga nan. Tunda aka canja mana layin intanet muka daina ganin komai. Ka danna, ta yi ta juyi, ta ce ta gaji da jira.

Habibu ya duba wayoyi, ya duba faswod, duk lafiya. Ya ce mini, "Anti, ba daga nan ba ne. Katangar tsaro ce a can. Lambarku ta canja, ita kuma tsohuwar ta sani. Sabuwar kawai za a saka, amma mabuɗin yana hannun oga."

Oga kuwa, wato kai Manaja, amsarka gare shi ɗaya ce: netwok ne, je ka duba musu. A wurinka duk abin da ya lalace a ƙauye, laifin ƙauyen ne.

Haka yake hawa babur ya zo duba abin da ya san ƙalau yake. Don kada zuwan ya tashi a banza, sai ya kira wani abokinsa a Kano, a karanto mana sakamakon marasa lafiya ta waya.

Shi ya ƙara mini girman rubutun wayata, bai ce mini na tsufa ba.

Ganinmu na ƙarshe na miƙa masa ɗanwake, ya ce, "Ajiye mini, Anti. Ranar da ƙofar ta buɗe zan ci, da mai da yaji."

Yanzu akwai wata baiwar Allah daga Kademi, cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Sakamakonta yana bayan katangarka, likita ba zai canja mata magani a makance ba, kuma mai kira mana Kano ya tafi.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Kai kuma Manaja, kana da daga yau zuwa azahar ɗin ranar addu'ar uku. In ba ka buɗe ba, ni da mijin matar nan za mu zo mu zauna a gaban teburinka har sai mun karɓi sakamakonta. Daga nan ka biyo mu gidansu a Gaya, ka yi wa mahaifiyar Habibu bayanin aiken da ka yi masa.