Malama Khadijatu da Saniyar da Ba a Yankawa

Kullum da safe ɗan kabu-kabu ke sauke Malama Khadijatu a ƙofar wata sakandare a Bagudo, jaka a kafaɗa, tana mitar ramukan hanya. Kasuwanci take koyarwa, kuma bana za ta yi ritaya.

Na zauna a ajinta, na san yadda take buɗe zancen hannun jari. Ba ta taɓa allo. Sai ta tambaye mu wa ya san watanda. Wa bai sani ba? A haɗa kuɗi a sayi saniya, a yanka, kowa ya ɗauki kasonsa.

"To, kamfani saniya ce da ba a yankawa," in ji ta. "Tatsa ake yi. Wata shekara nono, wata shekara rama. Kafin ku sa ko kwabo, a nuna muku ita, ku ji abin da take ci, halal ko haram."

Shekarar da wata harkar waya mai ninka kuɗi ta shigo ta kasuwannin iyaka, Manu, manomin shinkafa a Kurgu, ya ƙudurta sayar da fadamarsa ya zuba. Ita kaɗai ya mallaka. 'Yarsa Ni'ima, ɗalibar Malama, ta durƙusa ta ce, "Baba, ina saniyat take?"

Washegari sai ga shi a makaranta, ransa a ɓace.

"Malama, ke ka koya ma ɗiya gardama da uwaye?"

Ba ta kare kanta ba. Ta ba shi kujera, ta sa aka kawo ruwa, sannan ta ce, "Malam Manu, ka taɓa shiga watanda ba ka ga dabba ba?"

Ya tashi ko sallama babu. Amma bai sayar ba. Kafin damina masu harkar sun ɓace, gidaje da yawa suka yi kuka.

Malama, ke ce uwar da ba ta yi mana alkawarin arziki ba, kika koya mana haƙuri da tambaya. Ina ƙaunarki saboda wannan, kuma na gode. Allah ya saka da alheri, ya sa a huta lafiya. Malamanmu, ku yi koyi da ita, ku yi wa yara magana da abin da suka sani.

Manu dai har yau bai ce ta yi gaskiya ba. Ƙannen Ni'ima mata kawai ya kawo makaranta da kansa, ya ce a sa su ajinta kafin ta tafi.